Herbert Skinner, Mai Sayar Da Takalma Da Ya Sa Wa Injin Mota Allura

A yau za mu leƙa ƙasar Ingila ne domin mu kawo muku tarihin wani Bature da ya rasu tun shekarar 1931. Sunansa George Herbert Skinner. Mafi yawan makanikanmu ba su taɓa jin wannan suna ba, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin Maradi ko a bakin kasuwar Dakoro ya ga an kwance kafireta, wato abin da makanikan nan Nijar suka fi kira karburater, an zaro wata ƴar siririyar allura daga ciki ana dubawa a hasken rana, to ya ga wani ɓangare na aikin da wannan mutum ya ba rayuwarsa.

An haifi Herbert Skinner a watan Afrilu na shekarar 1872, ya kuma yi karatu a unguwar Ealing da ke yammacin birnin Landan. Mahaifinsa, William Banks Skinner, yana cikin masu kamfanin takalma na Lilley & Skinner, kamfanin da ya yi suna ƙwarai a Ingila, wanda daga baya kantinsa na titin Oxford ya zama ɗaya daga cikin manyan kantunan takalma na duniya. Saboda haka Herbert a cikin fata da zare ya tashi. Da ya girma sai ya bi sahun mahaifinsa, ya shiga harkar gidansu, har ya zama ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin. Bai je makarantar injiniya ba, kuma har ya bar duniya takalma ne babbar sana'arsa.

Abin da ya ja shi zuwa ga inji shi ne son mota. Ya mallaki motarsa ta farko a shekarar 1898, a lokacin da mota take abin kallo ko a Turai. Motocin wancan zamani ba su da tabbas. Direba yakan tafi ne hannunsa ɗaya a kan sitiyari, ɗaya kuma yana faman murɗa wani abu don ya ƙara wa inji iska ko ya rage, gwargwadon yadda hanya ta hau ko ta gangara. Idan ya yi sakaci inji ya shaƙe ya mutu a tsakiyar hanya. Masu kuɗi da yawa sun ɗauki wannan a matsayin halin mota, sun haƙura. Shi Herbert sai ya tsaya yana tambayar kansa dalili.

Domin mu gane abin da ya gani, sai mun ɗan yi bayanin aikin kafireta. Inji ba ya ƙona fetur shi kaɗai, sai an gauraya shi da iska. Masana sun auna sun ga cewa idan ana so fetur ya ƙone ƙurmus, to kowane kilo ɗaya na mai yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska. Kafireta shi ne mai haɗa wannan gauraye. Iskar da inji ke zuƙa tana ratsawa ta wani matsattsen maƙogwaro, gudunta ya ƙaru, sai ta zuƙo mai daga wani ɗan rami, kamar dai yadda famfon fesa maganin sauro irin na da yake yi. Tun a shekarar 1893 Bajamushen nan Wilhelm Maybach ya fito da kafireta mai aiki a kan wannan tsari. Sai dai yana da aibu guda. Faɗin maƙogwaron ba ya canzawa, faɗin ramin man ma ba ya canzawa, alhali bukatar inji tana canzawa kowane lokaci. Idan aka saita shi ya yi daidai a ƙaramin gudu, da an taka totur sai mai ya fi ƙarfin iska. Idan kuma aka saita shi don babban gudu, a tsaye sai inji ya riƙa tari yana neman mutuwa.

Dabarar Herbert ita ce a bar iskar da kanta ta buɗe wa kanta hanya. Ya sa wani fistin a tsakiyar maƙogwaron, wanda zai iya hawa ya sauka. Idan inji yana zuƙar iska kaɗan, fistin ɗin yana ƙasa, hanya ta matse. Idan direba ya taka totur, zuƙar ta ƙaru, sai ta ɗaga fistin ɗin sama, hanya ta buɗe. Ta haka gudun iskar da ke wucewa ta kan ramin mai yake zama kusan ɗaya a kowane hali. A ƙarƙashin wannan fistin kuwa sai ya liƙa allura, mai kauri a sama, mai tsini a ƙasa, wadda take zaune a cikin ramin man. Fistin yana ƙasa, kaurin allura ya kusa toshe ramin, mai kaɗan ke fita. Fistin ya hau, allura ta bi shi, sirantaccen wurinta ya zo bakin ramin, mai ya ƙaru. Ke nan rami ɗaya da allura ɗaya sun ɗauke aikin da wasu masu ƙira suke tara ramuka uku ko huɗu don su yi. Ya nemi takardar mallakar wannan ƙirƙira a shekarar 1905, aka ba shi a 1906.

A nan ne sana'ar gidansu ta yi masa rana. Ana bukatar abin da zai rufe saman fistin ɗin ruf don kada iska ta sulale, amma kuma ya zama mai laushin da zai miƙe ya lanƙwashe sau dubbai ba tare da ya tsage ba. Mai takalma ya san inda ake samun irin wannan abu. Da fatar ɗan akuya mai laushi aka yi shi, aka ɗinka shi tamkar ƙaramin zuga-zugin maƙera, kuma matar Herbert ce take ɗinka na farko-farko da hannunta a gida. Mu mutanen jihar Maradi ba sai an faɗa mana darajar fatar akuya ba, tunda jar akuyar Maradi da ta Sakkwato sun daɗe da yin suna a kasuwannin fata na Turai saboda laushi da ƙarko. Abin sha'awa ne a ce abin da maƙerin ƙauye yake hura wuta da shi, da ɗan'uwansa aka fara daidaita numfashin injin mota. Daga baya an bar fatar, aka koma ƙera fistin na ƙarfe wanda ya yi cif da mazauninsa, sannan aka ƙara masa ɗan wurin zuba baƙin mai a sama domin kada ya riƙa zabura da sauri idan an taka totur farat ɗaya.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Herbert mai tunani ne da zane, amma wanda ya iya ƙarfe shi ne ƙanensa Thomas Carlyle Skinner, wanda aka fi sani da Carl, da aka haifa a 1882. Carl ya bar harkar takalma tun yana saurayi ya shiga ta motoci, kuma shi ne ya mayar da zanen wansa abin da za a iya ɗaurawa a jikin inji. Da farko wani kamfani mai suna George Wailes da ke titin Euston a Landan ne yake ƙera musu. A shekarar 1910 suka kafa nasu kamfanin a unguwar Kentish Town, suka sa masa haruffa biyu, S.U., waɗanda ma'anarsu ita ce haɗin kan ƴan gidan Skinner. Carl ne ke zaune a masana'anta, Herbert kuma yana can wajen takalma yana turo kuɗi da sababbin dabaru.

Kada kuma a ɗauka mutumin ba shi da abin yi sai kanti da gareji. Gwanin harbi ne. A wasannin Olamfik da aka yi a Landan a 1908 yana cikin ƴan wasan Birtaniya da suka ci lambar tagulla a gasar harbin faifan yumɓu da ake cillawa sama.

To, bari mu dawo kan allurar, domin a kanta ne duk maganar take, kuma ita ce har gobe take raba gardama tsakanin masu gyaran tsofaffin motoci. Wanda ya kalle ta da ido zai ce ai duk allura allura ce. Ba haka ba ne. Ana auna kaurinta ne mataki-mataki daga sama zuwa ƙasa, tsakanin kowane mataki da na gaba kashi ɗaya cikin takwas na inci, wato milimita uku da ɗan ɗoriya. Matakan sama su ne ke aiki idan inji yana tsaye yana kaɗawa a hankali, na tsakiya su ne na tafiyar yau da kullum, na ƙasa wajen tsini kuwa sai an taka totur sosai ake kai wa gare su. Bambancin kaurin da bai kai na silin gashi ba a mataki ɗaya yana iya sauya halin mota. Ramukan man da allurar ke shiga galibi iri uku ne, mai faɗin inci 0.090, da mai 0.100, da mai 0.125, kuma kowanne da jerin alluransa. Kamfanin S.U. ya ƙera ɗaruruwan allurai, kowace da haruffa ko lambar da aka buga a gindinta. Ga motoci da yawa akan rubuta guda uku a littafi: ta asali, da mai ƙara mai, da mai rage mai.

Wancan littafi yana aiki ne muddin inji yana nan yadda ya fito daga masana'anta. Amma mai neman ƙarin ƙarfi ba ya barin inji yadda yake. Zai sa matatar iska mai saki, ya canza salansa, ya faɗaɗa hanyoyin kan silinda, wani ma ya ɗaura kafireta biyu a maimakon ɗaya. Duk waɗannan suna ƙara yawan iskar da inji ke sha, kuma allurar asali ba da lissafinsu aka yanka ta ba. Sakamakon da aka fi gani shi ne mai ya yi kaɗan a babban gudu. Kuma inji ya fi ba da ƙarfi ne idan mai ya ɗan fi na lissafin nan na 14.7, wato wajen kilo 12.5 zuwa 13 na iska ga kilo ɗaya na mai. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kama notin da ke ƙarƙashin kafireta a yi ta murɗawa. Wannan noti yana ɗaga ramin man ne ko ya saukar da shi, kuma tasirinsa ya fi yawa a ƙaramin gudu. Wanda ya murɗa shi don ya gyara babban gudu, zai tarar motarsa tana fitar da baƙin hayaƙi a tsaye, a kan hanya kuma matsalar tana nan.

Hanyar da ƙwararru ke bi ita ce su fara saita inji a tsaye, bayan ya yi zafi. Akwai gwajin da aka sani tun da daɗewa: a ɗaga fistin ɗin kafireta kaɗan, kamar milimita ɗaya. Idan kaɗawar inji ta ƙaru ta tsaya a sama, mai ya yi yawa. Idan ta faɗi inji ya nemi mutuwa, mai ya yi kaɗan. Idan ta ɗan ƙaru sannan ta dawo, an dace. Bayan nan sai a hau hanya, a lura da daidai inda mota take sanyin jiki ko take tari, a gane matakin allurar da ke aiki a wannan wuri, a nemo wata allurar da ta yi daidai da ta farko a sama amma ta fi ta sirantaka a inda ake bukata. A yau akwai na'urar da ake ɗaurawa a salansa tana nuna yawan mai da iska a kowane gudu, da kuma wadda ake ɗora tayoyin mota a kanta a gwada ƙarfinta tana tsaye. Inda babu su, fulogi shi ne shaida. Idan bakinsa ya yi launin ƙasa-ƙasa lafiya lau, idan ya yi baƙi da kunkunniya mai ya yi yawa, idan kuwa ya yi fari fat to a yi hattara. Sifirin da ke danne fistin da kuma kaurin man da aka zuba a samansa su ma suna da nasu tasiri, shi ya sa ba a canza abu biyu a lokaci guda.

A ganinmu, cikin kurakuran nan biyu ƙarancin mai ya fi haɗari. Yawan mai yana cin aljihu, yana kashe fulogi, yana wanke baƙin man da ke jikin silinda har inji ya tsufa da wuri. Amma ƙarancin mai a babban gudu yana ƙara zafi ne a cikin silinda, ya ƙona bawul, wani lokaci ya huda fistin, kuma yakan yi wannan ɓarna ne a daidai lokacin da direba yake jin daɗin motarsa tana tafiya.

Wani zai ce ina ruwanmu da tsofaffin motocin Ingila, mu da abin hawanmu a Mai Yara da ƙauyukan Dakoro babur ne? Ruwanmu kuwa da yawa. Akasarin baburan da ke kai mutane kasuwa da asibiti a yankin nan suna da allura a cikin kafiretansu. Bambancin shi ne, a mafi yawansu wayar totur ce ke jan allurar kai tsaye, ba iska ba, ko da yake akwai manyan babura da ke bin tsarin Skinner sak. Amma hukuncin allurar ɗaya ne. A saman allurar babur sau da yawa za a ga ƴan tsage-tsage, galibi biyar, da wani ɗan zobe da ake maƙalawa. Idan aka mayar da zoben tsagar ƙasa, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. Idan aka mayar da shi sama, allura ta nutse, mai ya ragu. Wannan yana taɓa tafiyar da ke tsakanin rubu'in totur zuwa kashi uku cikin huɗu, wato inda ɗan kabu-kabu yake wuni.

Ga yadda abin ke faruwa. Fetur ya yi tsada, sai mai babur ya ce wa makanike ya rage masa shan mai, makanike ya nutsar da allura. Ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, babur ya shaƙe, maimakon a wanke ta sai a cire ta a jefar. Yanzu an rage mai, an ƙara iska, an kuma buɗe wa yashi ƙofa. Sai a ɗora buhun gero da mutum biyu, a shiga rairayi da rana tsaka a watan Afrilu. Kuɗin da aka tara na mai a wata uku ba zai sayi fistin da zobbansa ba, balle a ce injin ya tsaya ne da mai naƙuda a baya. Akwai kuma masu goge allura da samfefa don su ƙara gudu. Su ma Turawan masu gyaran tsofaffin motoci suna yin haka, amma da ma'aunin kauri a hannu, suna rubuta abin da suka cire a kowane mataki, domin ƙarfen da aka goge ba ya dawowa.

Mu koma ga mai tarihin. Kamfanin ƴan'uwan bai yi saurin kawo riba ba. A lokacin yaƙin duniya na farko ya koma yi wa gwamnati kayan yaƙi, bayan yaƙi kuma kasuwa ta faɗi, aka yi ta asara. Herbert ya gaji da zuba kuɗi, ya janye hannunsa. A watan Disamba na 1926 aka sayar da kamfanin ga William Morris, babban mai ƙera motoci na Ingila, wanda dama yana sayen kafiretan S.U. don motocinsa, a kan fam dubu 100. Morris ya kwashe masana'antar zuwa birnin Birmingham, ya bar Carl a matsayin shugabanta. Herbert kuwa ya ci gaba da takalmansa. Ya rasu a watan Disamba na shekarar 1931 yana da shekara 59, bai ga inda abin da ya ƙirƙira ya kai ba.

Ya kuwa kai nesa. An ɗaura kafiretan S.U. a motocin Morris da MG da Rolls-Royce da Bentley, da ƙaramar motar nan Mini da ta fito a 1959, da Jaguar E-Type ta 1961 wadda take ɗauke da guda uku a jere. Kamfanin Volvo na Suwidin ya yi amfani da shi, a Japan kuma Hitachi ya ƙera irinsa don motocin Datsun. A yaƙin duniya na biyu kamfanin ya yi wa injinan jiragen yaƙin Spitfire da Hurricane kafireta, amma na wani tsari dabam. A shekarun 1960 wani kamfanin ya fito da kishiyarsa mai suna Zenith-Stromberg, wanda ya sa faifan roba mai laushi a saman fistin, kusan komawa ga zuga-zugin fatar da Herbert ya fara da shi.

Carl ya yi ritaya a 1947, ya rasu a 1958. Ɗan Herbert, wanda shi ma sunansa Herbert Skinner, ya zama shahararren masanin kimiyyar fiziks, ya yi farfesa a jami'ar Liverpool, ya rasu a 1960. A farkon shekarun 1990 dokokin rage hayaƙi suka sa masu ƙera motoci a Turai suka bar kafireta, suka koma ga tsarin fesa mai da kwamfuta ke sarrafawa. Sunan S.U. yanzu yana hannun kamfanin Burlen da ke garin Salisbury a kudancin Ingila, wanda yake ƙera kafireta da allurai da ramukan mai don masu tsofaffin motoci, da haruffa da lambobin da aka san su da su tun da.